Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Ni ɗan dako ne a kasuwar hatsi ta Dawanau. Shekara uku basir yana cina, ina zubar da jini, kunya ta hana ni faɗa. Ran da jiri ya kayar da ni da buhun gero a ka, sai ƙanena ya kai ni asibiti cikin Kano.

Likita ya ce zai ɗaure tsiron da ɗan zoben roba, watau ya toshe masa hanyar jini, ya bushe ya faɗi. Wannan dabara kuwa wani likitan Amurka mai suna Barron ya kyautata ta a 1963. Ya ce, "Malam, in ka ji zafi mai tsanani, ka faɗa nan take." Da ya ɗaura sai na ji kamar harbin kunama, amma na cije don kada a ce ni rago ne. Ya lura da gumina, ya cire zoben, ya sa wani can ciki, inda ba a jin zafi sosai. Ashe jarumtaka ta kusa cutata.

Kwana biyu ina jin nauyi kamar bayan gida ya matsa ni. Zama cikin ruwan ɗumi da farasitamol suka sawwaƙe mini. Ran kwana bakwai tsiron ya faɗi da ɗan jini kaɗan. An dai gargaɗe ni, in zazzaɓi ya zo, ko fitsari ya ƙi fita, ko jini ya yi yawa, in komo maza.

Yau wake da zogale da ruwa mai yawa su ne abokaina. 'Yan'uwa, kada ku ɓoye wa likita zafi.