Masu jiran tsami da masu gudunsa

A garejin maƙwabcina da ke Bolda, jihar Kolorado, na tarar da maza huɗu sun kewaye wata tukunyar ƙarfe, kowa riƙe da ɗan littafi. Giyar shansu suke dafawa. Sun san ba na sha, sai suka miƙo mini lemo, na ja kujera na kasa kunne.

Hirar tasu duk lissafi ce. Wannan ya ce tasa ta wancan watan ɗaci ya yi mata yawa, wancan ya ce ai yis ɗin ne bai samu sanyin da yake so ba. Abin ma da izinin hukuma: a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida, galan 100 a shekara ga baligi ɗaya, muddin ba ta sayarwa ba ce. A shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar masu dafa giya a gida a nan Bolda. Jihohin Misisifi da Alabama ba su yarda ba sai 2013.

Ban ce uffan ba har sai da mai gidan ya zuba barzajjen tsiron sha'ir a ruwan zafi, ya tsoma ma'auni, ya ce kada ya yi nisa da digiri 65, don a nan tsiron ke mayar da sitaci sukari. Ƙanshin da ya taso ya kai ni tsakar gidan Gwaggo a Gwaram.

Haka take kunun zaƙi. Ta jiƙa gero ya kwana, a niƙo shi da citta da kanumfari, ta raba ƙullun biyu. Babban kason ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri. Ƙaramin, mai busasshen dankali ko tsiro, ba ta zuba shi sai zafin ya sassauta, kuma bayan hannunta ne ma'auni. Kafin asuba kaurin nan ya saki, zaƙi ya fito ba da sukari ba. Da na kira ta na ba ta labarin ma'aunin, dariya ta yi. "Ɗan nan, su ba su da hannu ne?"

Daga nan hanya ta rabu. Mutanen garejin rufe tukunya suke yi su jira mako biyu yis ya cinye zaƙin. Gwaggo kuwa tsere take da shi. Kunun da ya wuni a zafin bazara ya fara kumfa, an ce ya juya, sai kwata. Mai tallan kunu a tashar Birnin Kudu na sayen ƙanƙara ne don kada jarinta ya zama abin da addini ya hana. Wanda ya bar tsiron dawa ya cika kwanakinsa shi ne mai burkutu, kuma tun da Jigawa ta ɗauki shari'a a 2000 wannan ba zancen bainar jama'a ba ne, ga Hisba.

Giyarsu ba ta ba ni sha'awa ba, littafin ne ya tsaya mini a rai. Duk tukunyar da suka ɗora sai sun rubuta awo da zafi da sakamako, ko da ta lalace. A wurinsu wasan maza ne na ranar Asabar. A wurinmu sana'ar mata ce da ke sayen sabulu da littafin makaranta, amma sirrinta a ka yake, tsohuwa na rasuwa ya bi ta.

Daga Dutse zuwa Birnin Kudu ba wata tafiya ba ce. Ɗaliban kimiyya na Jami'ar Tarayya ta Dutse, ku ɗauki ma'auni da biro ku je ku durƙusa gaban iyayen nan tun suna da ƙarfin ɗaga tukunya.