Tafkin Bagauda: Jiya Da Yau

Masu iya magana sun ce ruwa abokin aiki ne. Ni da aka haifa a Kadawa, iyakar abin da na sani game da ruwa ke nan: ya biyo magudana, ya shiga gonakin tumatir da alkama. Ban taɓa zaton mutum zai bar gidansa, ya biya kuɗi, don kurum ya zauna yana kallon ruwa ba, sai da mahaifina ya ba ni labarin Bagauda.

A zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsun ruwa da dama saboda noman rani, ciki har da ta Tiga da ta Bagauda. Ita wannan ta biyun sunan Sarkin Kano na farko ta ci, wanda tarihi ya ce ya hau gadon mulki a 999. A bakin tafkinta aka kafa katafaren otal, inda mahaifina ya yi aikin raba abinci yana saurayi.

Ya ce ran Asabar da Lahadi motoci kan yi jerin gwano daga birni, ɗauke da Turawa da Kwarori da manyan ma'aikata. Wani baƙo ɗan Italiya ya taɓa ce masa haka su ma suke tururuwa bakin teku lokacin zafi. Abin da ke jawo su bai wuce sanyin iska da shiru ba, da yadda rana ke faɗuwa a kan ruwa.

Amma duniya rawar 'yan mata ce. A daminar 1988 madatsar ta ɓalle, ruwa ya yi ɓarna mai yawa. Daga baya otal ɗin ya zama reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya.

Da hutun da ya wuce na raka shi can. Muka tsaya a gefen tafki, yana nuna mini inda ya sha kai wa baƙi shayi. Ya daɗe bai ce uffan ba, sa'an nan ya ce, "Ka san duk shekarun nan ban taɓa zama na kalle shi ba?"

Na shimfiɗa masa rawanina, ya zauna. Ba mu tashi ba sai da aka kira magariba.