Da Ciki ko da Goyo: Tafiya Biyu a Hanyar Gusau

Saƙon bai fito daga bakin mahaifiyarta ba. Ita 'yar fari ce, kuma a Bungudu har yau akwai iyayen da ba sa kama sunan 'yar fari, balle su ɗauki waya su yi mata zancen ciki. Goggonta da ke aure a Tudun Wadar Gusau ce ta kira ta wani dare bayan isha'i, ta gaishe ta da jiki, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce: "Innarki ta ce in tambaye ki, yaushe za ki taho gida? Cikin fari dai ba a zamna da shi ɗakin miji."

A lokacin cikin yana wata biyar. Tana zaune a Kaduna, inda aure ya kai ta, tana ɗinki a wani ƙaramin shago kusa da gida. Maigidanta da ya ji saƙon bai musa ba, sai dai ya kawo nasa tsarin: ta haihu a Kaduna, inda katin awonta yake, inda asibiti bai fi tafiyar minti goma ba, idan an yi suna ya ɗauki shatar mota a kai ta Bungudu wankan gida. Babu wanda zai ce ya saɓa wa al'ada, domin duka biyun Bahaushe ya san su. Akwai goyon ciki, inda mai cikin fari kan koma gaban iyayenta tun cikin yana wata bakwai. Akwai kuma tafiya wanka, inda mai jego kan tafi gida bayan suna, ta zauna har ta yi arba'in. Abin da ya sauya shi ne nisa. Al'adun nan sun ginu ne a zamanin da ake aurar da yarinya ƙauyen da ke ƙetaren rafi, a ɗora ta bisa jaki da hantsi, kafin azahar tana ɗakin uwarta. Daga Kaduna zuwa Bungudu kuwa sama da kilomita 250 ne, ta Zariya da Funtuwa da Tsafe da Gusau.

Mata suka yi ta ba ta shawara, kowace da abin da ta gani. Masu cewa ta tafi da ciki suna da hujja mai daɗin ji: ɗan da ke ciki ba ya kuka, ba ya kashi, ba ya neman nono a tsakiyar mota, abincinsa da shimfiɗarsa suna tare da shi. Masu cewa ta bari ta sauka su ma ba su rasa abin faɗa ba: mai ciki rai biyu ce a igiya ɗaya, rami ɗaya na hanya ya isa ya tayar da naƙuda a inda ko shagon magani babu. Dukansu a kan wahalar zaman mota suke magana. Ungozomar da ke duba ta a wurin awo ce kaɗai ta ɗauko kalanda.

Lissafin asibiti da makonni ake yin sa, kuma ciki cikakke mako 40 ne. Likitocin mata sun daɗe suna cewa idan ciki lafiyayye ne, tsakiyarsa ce ta fi dacewa da doguwar tafiya, wato daga mako 14 zuwa 28: laulayi ya lafa, haɗarin ɓari ya ragu, nauyi bai kai ga hana motsi ba, naƙuda kuma da saura. Ko kamfanonin jiragen sama a kan wannan ma'auni yawancinsu suke tafiya, sukan nemi takardar likita bayan mako 28, su daina ɗaukar mai ciki wajen mako 36, mai tagwaye kuwa tun wajen mako 32. To shi watan bakwai na al'ada yana faɗowa ne daidai bakin wannan ƙofa, lokacin da ta fara rufewa. Abin da ya fi muni, a aikace ba a cika tafiya a watan bakwai ɗin ba. Ana jiran albashi, ana jiran a gama wani biki, ana jiran miji ya sami hutu, har ciki ya shiga wata tara, sannan a cusa mace a bayan mota ƙafafunta a kumbure.

Shawarar maigidan, wadda ta fi kama da ta ɗan zamani, ita ungozomar ta fi yi wa tsaye. Washegarin suna kwana takwas ke nan da haihuwa. Mai jego tana cikin jini, idan an yi mata ɗinki bai warke ba, idan tiyata ce ba a ma magana. Makonni shida na bayan haihuwa su ne lokacin da jinin mace ya fi saurin daskarewa a jijiyoyin ƙafa, fiye ma da lokacin da take da cikin, kuma zaman wuri ɗaya na sama da awa huɗu yana ƙara haɗarin. Gudan jinin nan idan ya ɓalle ya tafi huhu, kafin a juya mota mai aukuwa ta auku. Shi kuma jaririn, kwanaki 28 na farko su ne mafi hatsari a rayuwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai kusan miliyan 2.3 ne suka rasu a cikin waɗannan kwanaki a shekarar 2022, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu na irin wannan mutuwa a makon farko take faruwa. Jikinsa bai iya daidaita zafi da sanyi ba tukuna, ga shi cikin mota da mutum bakwai, wani na tari, wani na atishawa.

A nan ne tsofaffi suka fi yaran zamani gaskiya, ko da ba da harshen asibiti suka faɗa ba. Arba'in ɗin da suke hana mai jego fita kwana biyu kacal ya rage ya cika makonni shidan likita. Kuskuren da ya shigo shi ne a ɗauki mace a yi tafiyar yini da ita domin a kai ta inda za a hana ta fita.

Sai dai duk wannan lissafi, da na ungozoma da na mata, a kan hanya mai lafiya aka yi shi. Wanda ya san tsakanin Funtuwa da Gusau ya san cewa daga 'Yankara, a bi ta Wanzamai da Kucheri har Tsafe, hira kan mutu a mota. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna tare wannan hanya. Direbobi ba sa son bin ta da duku-duku ko bayan la'asar sakaliya, kuma idan suka ga motoci sun daina zuwa daga gaba, sukan faka su jira. Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar, mace ta fara naƙuda ba ta da halin kiran ko mai babur. Idan aka ce kowa ya yi ta kansa a irin wannan wuri, mai tsohon ciki ba ta iya gudu, mai goyo kuma ba ta iya ɓuya, domin ba a lallashin jariri da cewa ya yi shiru ana neman rai. Wannan ne abin da ya hana ta barci, kuma ba ta faɗa wa kowa ba sai Goggo.

Goggo ba ta yi boko ba, amma ta raka mata da yawa asibiti. Ta ce: "Ɗiyata, hanya ta yini guda ce, Allah shi tsare. Abin da za ki duba, ranar da abin ya taso cikin dare, ina kike kwance?" Tambayar da masana biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka gina sanannen bincikensu na 1994 a kanta ke nan, inda suka nuna cewa jinkiri uku ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Zubar jini bayan haihuwa, wanda shi ne kan gaba wajen kashe masu jego a duniya, yana iya gama da mace lafiyayya cikin 'yan awoyi. Kuma ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa ta dalilin ciki da haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne. Bungudu ba ta da nisa da Gusau, tafiyar ƙasa da rabin awa ce da rana. Da ƙarfe biyu na dare kuwa sai an sami direban da ya yarda ya fito.

Aka tsaya a kan abin da bai gamsar da kowa gaba ɗaya ba. Za ta tafi da ciki, amma da wuri, a mako na 26. Ba Bungudu za ta sauka ba, gidan Goggo za ta zauna a Gusau, inda Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da asibitin mata da yara na Sarki Fahad duk suke cikin gari. Inna ce za ta zo ta same ta idan lokaci ya yi. Maigida ya yi asarar girkin wata biyar, ita ta yi asarar ɗinkin salla, Inna kuma ta haƙura da ganin jikanta na fari ya faɗo a ɗakinta.

Tafiyar farko a watan Disamba aka yi ta, cikin hunturu. Ta je awo kwana biyu kafin nan, aka gwada jininta, aka ce bai hau ba, ta karɓi takardunta da hoton ciki ta sa a jakar hannu. Maigidan ya biya kuɗin mutum biyu a tashar Kawo domin ta zauna gaba ita kaɗai. Ta ɗaura bel kamar yadda aka nuna mata, na ƙasa a ƙarƙashin ciki bisa ƙugu, na sama ta tsakanin ƙirji, direba yana kallonta yana murmushi. Wahalarta ɗaya ce, fitsari. Mata da yawa kan ƙi shan ruwa saboda kunyar cewa a tsaya, ita kuwa ta sha, ta kuma cire kunya ta sa aka tsaya a Zariya da Funtuwa, ta taka ƙafa. Da Dutsen Kwatarkwashi ya bayyana ta san an iso. Bayanta ya yi kwana biyu yana ciwo, shi ke nan.

Ta haihu a watan Maris, namiji, a asibiti, bayan naƙudar da ta fara da tsakar dare. Maƙwabcin Goggo ne ya kai su a Keke Napep.

Tafiya ta biyu ita ce ta nuna mata abin da mata ke nufi. An yi arba'in a ƙarshen Afrilu, lokacin da rana a Gusau take kamar za ta tsaga ƙasa. Ta jira aka yi wa yaron allurar riga-kafi ta mako shida, ta ƙara kwana uku har ɗan zazzaɓin da ke biyo bayanta ya sauka, ta sa katin a inda ta sa takardun awo a da, domin ta mako goma da ta mako sha huɗu a Kaduna za a yi su. Kaya suka ninka: bahon wanka, buhun gero da Inna ta haɗo, kayan barka, tsummoki, fulas. Ba a goyo a mota, don haka yaron a cinya ya yi tafiyar, kamar yadda kusan kowane jariri ke yi a wannan hanya. Ta san cewa hannun uwa ba ya riƙe yaro idan mota ta yi karo, ko da ba gudu ake yi sosai ba, kuma kujerar jarirai da ake ɗaurewa a mota, wadda doka ta wajabta a Ingila da Amurka, ba ta da wurin zama a Sharon ɗin haya. Abin da ta iya yi shi ne ta koma kujerar baya, ta ɗaura bel a jikinta ita kaɗai ba tare da ta haɗa da yaron ba, ta roƙi direba ya sassauta.

Kafin Tsafe ya fara kuka. Ta ba shi nono a ƙarƙashin hijabi, gumi yana zuba daga ita har shi. Wata dattijuwa da ke gefenta ta miƙo ledar ruwa: "Yarinya, ɗiga mashi, ƙishirwa ce." Ta yi godiya ta karɓa, ta shanye da kanta. An gaya mata a asibiti cewa har wata shida nono kaɗai ya ishe shi, ko a bazara, kuma ruwan hanya shi ke kawo gudawa. Dattijuwar ta taɓe baki, ta juya ga taga.

Bayan Kucheri direba ya rage gudu, sannan ya tsaya bayan wasu motoci da suka yi layi a gefen titi. Babu mota ko ɗaya da ke tahowa daga gaba. Ba wanda ya yi tambaya. Aka kashe inji, zafi ya rufe motar, wani ya fara salati ƙasa-ƙasa. Yaron ya motsa, ya buɗe baki, ta yi maza ta mayar da shi ga nono, tana jin bugun zuciyarta a kan kumatunsa. A Disamba ta wuce wannan wuri da hannayenta biyu a sake. Yanzu tana duban dajin tana auna inda za ta sa ƙafa da zanen goyo a hannu, ga takalmin da ta sa mai santsi ne. Dattijuwar nan, ba tare da ta dube ta ba, ta jawo majanyin daga cikin jaka ta ɗora mata a cinya.

Sun yi kusan minti arba'in a haka, sannan wata tirela ta ɓullo daga gaba, bayanta motoci uku, direbanta yana ɗaga hannu alamar a wuce. Tayar wata babbar mota ce ta fashe ta tare hanya.

A Funtuwa ta sauka ta wanke yaron da ruwan fulas a bayan wani masallaci, ta sauya masa tsumma, ta ci shinkafa da hannu ɗaya. Sun shiga Kaduna ana kiran la'asar. Da daddare Goggo ta kira ta ji saukarsu, daga can gefe kuma muryar Inna tana cewa a tambayi "waccan" ko ta manta da kanwar kunu a ɗaki.