Tauraron kwalin ƙwai

A Berlin, idan Disamba ta kama, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Ina zaune ina fama da wani kuskure a manhajar da nake rubutawa, sai 'yata mai shekara biyar ta dawo daga makaranta da takarda a hannu: kowane yaro zai kawo abin ado da aka yi a gida, a rataya a bishiyar Kirsimeti ta ajinsu.

Na karanta, na ninke, na tura ƙarƙashin kwamfuta. Kwana uku ban ce uffan ba. Mu Musulmi ne, kuma na san fuskar da Hajiya za ta yi in labari ya isa Kano. Amma na san yadda yaro yake ji in aka kira sunan kowa aka tsallake nasa.

Tsohuwar da ke bene na biyu ce ta raba gardamar, ba da saninta ba. 'Yar jihar Thüringen ce, inda garin Lauscha yake, wanda ya yi suna wajen hura ƙwallayen gilashi na bishiyar Kirsimeti tun ƙarni na 19. Hannunta ya fara rawa, ta fasa biyu daga cikin waɗanda ta gada, sai ta koma yin nata da takarda. Ta gan mu a matakala, yarinya na hawaye, ta ce mu shigo.

Kwalin ƙwai ake yayyagawa, a jiƙa a ruwan zafi ya kwana. Da safe a markaɗa, a zuba kala, a matse a tsumma kamar ana tace kamu, a cuɗa da gam da ɗan gishiri don kada ya yi fumfuna. Sai a danna shi cikin ƙarfen yanka biskit, a huda wurin zare da tsinke. Ina sa hannu cikin wannan taɓo mai sanyi na tuna aji huɗu na firamare, ranar aikin hannu, muna kwaɓa tsohuwar jarida da sitaci muna gina kwano. Shekara ashirin da ɗoriya ban tuna da wannan ba.

Ta ce a bar shi kwana uku ya bushe da kansa. Ni da na saba in danna maɓalli in ga sakamako nan take, na ɗora namu a kan hita cikin dare. Gari ya waye taurari huɗu sun tsage, ɗaya ya lanƙwashe kamar ganda. Shi yarinyar ta zaɓa, wai yana rawa.

Ranar Juma'a muna waya da Hajiya ta bidiyo, kafin in ankara ta ɗaga shi a gaban kyamara. Hajiya ta matso da fuskarta, ta daɗe tana dubawa.

"Kishiyata, ke kika yi wannan?"

"Ni da Abba."

"Wurin Abba ne ya karkace, na sani." Sai ta dube ni. "Na mene ne?"

Na gaya mata gaskiya. Ta yi shiru har na zaci intanet ce ta yanke. Daga nan ta ce wa yarinyar ta karanto mata Fatiha. Ta karanta, tauraron na lilo a ɗan yatsanta, ta yi tuntuɓe a aya ta shida, Hajiya ta ɗora ta.

Ran Litinin na kai ta makaranta, tauraron na cikin aljihun rigar sanyinta. Har yau Hajiya ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban tambaye ta ba.