Ran da Sanyi Ya Koro Ni Daga Kan Dutsen Pendle

'Yan makaranta, ku matso in ba ku labarin abin da ya same ni sa'ad da na ke karatu a Ingila, ko wani ya tsinci abin amfani.

A can akwai waɗansu mutane da ba su da abin sha'awa kamar wayar iska. Sai mutum ya ci jarrabawa a ba shi lasin, sa'an nan ya sami ikon magana da 'yan'uwansa na ƙasashe masu nisa. A shekarar 2002 suka ƙago wani wasa: mutum ya goya akwatinsa ya hau dutse, in ya sami mutum huɗu suka amsa masa, ya ci maki. Lokacin ɗari har ƙarin maki uku a kan yi a manyan duwatsu. Kwaɗayin ukun nan ya ja ni.

Wata rana cikin Janairu na bi wani dattijon Bature da ya koya mini aikin, muka hau dutsen Pendle na lardin Lankashiya, mai tsawon ƙafa 1,827. Tun a gindi ya ce, "Yaro, sa batirin nan cikin riga, ka kuma bar alkalami ka ɗauki fensir." Na ce a raina, abin tsofaffi! Na bar batir a jaka.

Da muka kai bisa, ƙanƙara ta rufe ko'ina fari fat, iska na yanka sai ka ce aska. Muka kafa sanda, muka miƙa waya, na soma buga kira da harufan Mos, watau ɗigo da ja. Kai, gani ya kori ji! Tawada ta daskare, sai da na ari fensirin dattijo. Batir kuma ya yi rauni, domin sanyi kan rage saurin aikin sinadarin da ke cikinsa. Duk da haka wani ya amsa daga Jamus, wani daga Faransa, na uku daga Sikotilan. Saura ɗaya.

Nan fa yatsuna suka mutu, in na nufi ɗigo sai in buga ja. Dattijo ya tambaye ni wani abu, ya ji harshena na sarƙewa. Ya ce, "Naɗe waya mu sauka."

Na ce, "Haba Baba, mutum ɗaya ya rage!"

Ya ce, "Dutse na nan gobe. Wanda sanyi ya kai ga harshensa ya kusa rasa hankalinsa, ga shi rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu."

Na sauka ina gunaguni, ban ci ko maki ɗaya ba. Muna shan shayi a mota ya tuna mini da Markoni, wanda ran 12 ga Disamba 1901 ya saurari Ingila daga Niyufanlan cikin ɗari, bayan iska ta tsinke balan-balan ɗin da ya ɗaga waya da shi. Abin da ya ji duka ɗigo uku ne, harafin S, ga shi har yau ana ambatonsa. Ya ce, "Kai ma ukunka ba su yi kaɗan ba."

Sai da jini ya komo yatsuna, zogi ya sa ni hawaye, na gane gaskiyarsa. Bayan mako biyu muka koma, batir a ƙirji, safar hannu biyu, na sami mutum huɗuna cikin ɗan lokaci.

To, 'yan'uwa, littafi ya koya mini yadda a ke kira. Lokacin da ya kamata a naɗe waya kuwa, a bakin wanda ya riga ni shan ɗari na same shi. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.