Makarantar Stuttgart Inda Kowane Aji ke da Launinsa

Baƙon da ya sauka Stuttgart, a kudancin Jamus, gidajen tarihin motocin Mercedes da Porsche ake fara kai shi. Ni kuwa bangon wata makarantar Waldorf ne ya tafi da hankalina.

A garin nan aka buɗe irinta ta farko a 1919, lokacin da Emil Molt, shugaban kamfanin sigari na Waldorf-Astoria, ya nemi masanin falsafa Rudolf Steiner ya tsara wa 'ya'yan ma'aikatansa makaranta. Steiner ya daɗe yana nazarin ayyukan marubucin Jamus Goethe, wanda ya wallafa littafi sukutum kan launuka a 1810, shi ya sa bai bar zancen fenti a hannun ɗan kwangila ba.

Ajin 'yan shekarar farko ja-ja ne mai taushi, kusan ruwan hoda. Kana bin baranda kana leƙawa launin na sauyawa, daga ruwan lemo zuwa rawaya, sai kore, har ka kai azuzuwan manya masu shuɗi da shunayya. Hujjar masu makarantar ita ce yaron da bai daɗe da barin gindin mahaifiyarsa ba yana son ɗumi, wanda kuwa ya fara kokawa da lissafi mai zurfi launi mai sanyi ya fi dacewa da shi.

Yadda ake shafa fentin ma abin kallo ne. Sai an farfaɗa fari tas, sannan a bi shi da launi tsararo, shafi kan shafi, da faffaɗan buroshi. Farin yana leƙowa ta ƙasa, bangon ya yi duhu-duhu a nan, ya washe a can, kamar sama da asuba. Ido ba ya gajiya da shi. Ba a kuma cika shi da hotuna barkatai ba, zanen alli da malami ya yi a allo ya wadatar.

Ba duk tunanin Steiner nake sha ba, akwai surkulle a ciki da kimiyya ba ta tabbatar ba. Sai dai binciken jami'ar Salford ta Ingila na 2015, a azuzuwa 153, ya nuna launi yana cikin abubuwan da ke shafar karatun yara, kuma tsaka-tsaki ya fi: fari fat da fenti mai ƙyalƙyali duk ba su ba ne.

Hedimastoci da ƙungiyoyin iyaye, kafin a sayo fenti a hutun da ke tafe, ku fara tambaya shekarun yaran da za su zauna a ɗakin.