Furen da ke rufe ido da magariba

Yau mun ɗan ajiye labarin soyayya, zancen wani tsiro na zo muku da shi.

A gidanmu na Sabon Birni ba a san shuka don ado ba. Abin da ake dasawa bayan ɗaki duk na amfani ne: lalle, zogale, yakuwa. Shi ya sa da na sayo oxalis wurin masu sayar da furanni a Sakkwato, tambayar Inna ta farko ita ce, "Wanga ɗin, ana miya da shi?"

Asalinsa daga Kudancin Amurka yake, wajen Barazil. Ganyensa launin shuni ne, uku-uku a kan siririn kara. Da magariba sai ya naɗe kamar lema, gari na wayewa ya buɗe. Yana da tsami irin na yakuwa, amma tsamin nan kan cutar da dabba idan ta ci da yawa, don haka a nesanta shi da awaki.

Rainonsa ba wuya. A samu kasko mai huda a gindi, a gauraya yashin gulbi da ɗan taki, a ajiye inda hasken safe ke isa, ban da ranar tsaka. Ruwa kuwa sai saman ƙasar ya bushe.

Jarrabawar tana zuwa ne da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ganyen ya yi yaushi, ya zube ƙurmus. Nan wasu ke juye kaskon a bola, wasu su yi ta ɗura masa ruwa har ya ruɓe. Alhali ransa na ƙarƙashin ƙasa, cikin wasu 'yan ƙwayoyi kamar aya. A dakatar da ruwa, a kai shi inuwa. Bayan 'yan makonni za a ga ya leƙo.

A watan Mayun 2020 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni. Jama'a suka watse, wasu Sakkwato, wasu suka tsallaka jihar Maradi. Da muka tashi, lallen Inna can ya tsaya, don itace ba ya shiga jaka. Ƙwayoyin nan kuwa a bakin zane na ƙulle su.

Mu Gobirawa mun san tashi. Alƙalawa ta faɗi a 1808, daga baya kakanninmu suka kafa Tsibiri, suka kafa Sabon Birni. Sai dai kowace hijira da nata ɗacin, kuma tarihi ba ya share hawayen wanda ya baro gonarsa.

Yanzu ƙwayoyin sun hayayyafa. Na raba wa maƙwabciyata, mutuniyar Isa, muka yi alkawarin duk wadda ta riga komawa gida za ta dasa wa 'yar uwarta nata kason. Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, amin.